Allo biyu a ofis: wai dole sai da girafik kad?

Akawu: Salamu alaikum jama'a. Oga ya amince a haɗa min sabuwar kwamfuta mai allo biyu a ofishinmu da ke Kongo, Excel a ɗaya, takardun rasidi a ɗayan. Mai haɗawa ya ce in dai allo biyu ne, dole sai babban madabod (faifan da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kansa) da girafik kad (kati na daban mai fitar da hoto). Lissafinsa ya zarce abin da aka ware. Haka abin yake?

Mai Kafe, Samaru: Gaskiya ya faɗa maka. Allo biyu aiki biyu ne. Ka sa ƙaramin madabod, zafin watan Afrilu ya zo, ka ga yadda za ta riƙa shaƙewa. Arha ba ta ado.

Injiniya: Allah ya ja da ranka Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Ba madabod ne ke fitar da hoto ba, shi dai wurin jona kebul ya tanada. Mai aikin yana cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Furosesan Intel Core i3-12100 yana ɗauke da mai fitar da hoto UHD 730 a cikinsa, kuma a kan madabod H610, wanda shi ne na ƙasa a jerin, Intel ta ce har allo 3 yana iya ɗauka muddin akwai wuraren jonawa. A ɓangaren AMD, madabod A520 da furosesa Ryzen 5 5600G haka suke. Excel da Chrome ba za su ko sa shi gumi ba.

Mai Kafe, Samaru: To ni da idona na ga sabon madabod, wurin jonawa na HDMI a baya, an jona allo, baƙi ƙirin. Sai da aka sa kad.

Injiniya: Na yarda ka gani. Furosesan ne. Duk na Intel da lambarsa ta ƙare da F, kamar 12100F, babu mai fitar da hoto a cikinsa, don haka wuraren jonawa na baya sun zama kwalliya kawai. Ryzen 5 5500 da 5600 marasa G su ma haka. Irin wannan furosesan ya fi sauƙin kuɗi, shi ya sa ake saurin miƙa wa mutum shi, sannan kuɗin kad ya cinye rangwamen har ya ɗora.

Ɗan Sabon Gari: Duk wannan dogon zance ne. Akwai ƙaramin akwatin da ke raba HDMI gida biyu, ko'ina ana sayarwa.

Injiniya: Wannan hoto ɗaya yake maimaitawa a allo biyu. Na gidan kallon ƙwallo ne. Malam Akawu yana so kowane allo da abinsa.

Hajiya Sakatariya: Ni tambayata, me ya sa sai sabuwa? Dell OptiPlex tokumbo nake aiki da ita, wuraren jona allo na DisplayPort biyu ne a bayanta, ban taɓa sa mata kad ba. Ragowar kuɗin ya sayi UPS mai kyau, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. A garin nan abin da ke kashe madabod ɗauke wuta da kawo ta da ƙarfi ne, da sauyi zuwa janareta, sai ƙurar hunturu.

Injiniya: Maganar UPS na sa hannu, Hajiya. Tokumbon ce nake ɗari-ɗari da ita. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Da yawa daga masu arhar na 4 ne ko na 6. Kuma ƙananan OptiPlex da akwatin wutarsu na daban suke zuwa, in ya ƙone ba kowane za ka ɗauko ka maye ba.

Hajiya Sakatariya: Ai na 8 ɗin ma akwai su, a duba kafin a biya. Ba a raina wa tokumbo.

Mai Kafe, Samaru: Ni dai injinana CorelDRAW da Photoshop suke yi wa ɗaliban ABU dare da rana, ba zan cire kad ba.

Injiniya: Naka daban ne Alhaji, kar ka cire. Malam Akawu, ka juya allunanka ka ga me ke bayansu tukuna. Wasu H610 HDMI da VGA kawai gare su, wasu har da DisplayPort. VGA na aiki, amma rubutu ba ya fita tar kamar na sauran, kuma kai wuni kake kana ƙura wa ƙananan lambobi ido. Sannan RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi: ka sa 8GB guda biyu maimakon 16GB guda ɗaya, tunda mai fitar da hoton daga RAM yake ara. Ka kuma tambaya madabod ɗin na RAM irin DDR4 ne ko DDR5, ba sa shiga ramin juna.

Akawu: Na ɗauko takardar lissafin yanzu. i3-12100F ya rubuta.

Ɗan Sabon Gari: Ka ji fa!

Akawu: Allunan kuma duka biyun HDMI da VGA ne a bayansu, babu DisplayPort.

Injiniya: To ka nemi madabod mai HDMI da DisplayPort, ka haɗa da kebul mai kai DisplayPort zuwa HDMI. Ka ce ya cire F, ya cire kad, ya sake lissafi.

Hajiya Sakatariya: In ya sake, turo mana. Ina so in gwada da kuɗin OptiPlex na 8 da UPS.