Marsandi 200 ta 1981: kayan wakala, tijari ko tashlih?

Abu Nasir, Jidda: Assalamu alaikum. Marsandi 200 ce, samfurin W123, mai giyar hannu, istimara (takardar rajistar mota) ta ce 1981. Ta daɗe a ajiye, yanzu ana so a tashe ta. Injin yana tashi, amma da an taka totur sai ya shaƙe. Birki na jan hagu, kuma ƙasa na bugawa in an saki kulochi. An kawo gaskit ɗin kan injin bai hau ba. Wanne kaya zan saya a wakala (dilan kamfanin Marsandi), wanne tijari (kayan wasu kamfanoni na kasuwa), wanne tashlih (inda ake sayar da kayan motocin da aka kwance)? Kuma ta yaya zan tabbatar nata ne kafin in biya?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Sauke injin nan ka ɗora injin 22R na Hilux, ka huta. Kayansa ko'ina akwai.

Mu'allim Sale, Riyad: Ba abin da ya tambaya ke nan ba. Abu Nasir, ajiye shekarar istimara gefe, lamba za ka bi. A tsakiyar 1980 aka sauya injin 200 daga M115 zuwa M102, sunan motar bai canza ba, amma gaskit ɗinsu ba ya hawa na juna. Duba farantin da ke kan ƙarfen saman lagireto. In lambar shasi ta fara da 123.020, tsohon injin ne, 123.220 kuma sabon. Sannan ka goge bulok da fetur da buroshi ka karanta lambar injin kanta: 115.938 ko 102.920. Ko da ido ma ana ganewa. M115 kafireta da salansa gefe ɗaya suke, M102 kuwa kowanne da gefensa, kuma injin ya ɗan kishingiɗa.

Shaƙewar nan, fara da robar cikin kafireta. Kafiretar samfurin Stromberg 175 ce. Kwance sukurori huɗu na murfin sama, ɗaga robar a hasken rana, ko hudar allura ce ta isa ta hana fistin ɗin kafiretar tashi. Sabuwar tana da ɗan kunne da ke zama cikin gurbinsa, in bai zauna ba matsalar na nan. Ka kuma zuba man ATF (man giyar otomatik) a damfar kafiretar.

Alhaji Garba, Makka: Bugun ƙasan nan robar farfela ce, kuma a kanta ina roƙonka don Allah kada ka bi araha. An jawo mana wata Marsandi 230 warsha (gareji) daga hanyar Jidda. Mai ita ya sayi robar a wani shago, kwali mai sunan kamfanin Jamus, hatimi da komai. Ba ta yi wata biyu ba ta yage a guje. Farfela ta daki ƙasan mota, ta fasa wutsiyar giya, ta lanƙwasa salansa, da iyali a ciki. Allah ne ya tsare. Da muka yanka robar, zaren da ya kamata ya naɗe ramukan kusoshi kusan babu shi. Aka koma shagon, suka ce abin da aka ɗaura ba a mayarwa.

Ɗan Kurmi: Ai riyal 90 ce robar a sana'iya (unguwar garejoji).

Alhaji Garba, Makka: To, irin ta 90 ɗin ce ta jawo sayen giya. Ta kirki ba ta kasa 250 ba.

Abu Maryam, Jidda: Alhaji, ni 400 na san guda ɗaya a wakala, kuma biyu ne a motar, gaba da baya. Amma ba duk tijari ne jabu ba. Lemförder, ATE, Bosch, Elring, Behr, su ne dai masu yi wa Marsandi kaya tun asali. Ka nemi lambar da ke jikin tsohon kayan, mai farawa da 123 ko 115 ko 102, a nemo maka daidai da ita.

Alhaji Garba, Makka: Kai sayarwa kake yi, mu ne muke kwanciya ƙarƙashin mota. Sunan da ke kwali ai kowa na iya bugawa.

Abu Maryam, Jidda: Da girmanka Alhaji, mai kanti shi ke ganin kayan da ake dawowa da su. Shi ya sa na ce a duba jikin kayan, ba kwali ba.

Mu'allim Sale, Riyad: Ku biyun duk kuna da gaskiya. Abu Nasir, in za a sauke farfela a yi wa ɓangarorinta biyu alama da fenti kafin a raba, don tare aka daidaita su. In aka juya, mota za ta riƙa rawa a gudu. A canza boris na tsakiya da robarsa a lokaci guda.

Birki kuwa, leƙa jikin kalifa. Akwai ATE, akwai Bendix, robobin gyaransu daban ne, kuma dole hagu da dama su zama iri ɗaya. Fahmat (takalman birki) na gaba ma kauri biyu ne, milimita 15 da 17.5, a tafi da tsohon a gwada. Tiyo huɗu na birki a sa sababbi, don tsoho yana kumbura ta ciki ya riƙe mai, taya ɗaya ta kama. Mai DOT 4. Duk abin da yake roba ko na birki, kada ya fito daga tashlih. Ƙofa, bamba, fitila, gilashi, waɗannan tashlih ya fi, kuma na Ha'ir a nan Riyad ya fi na Bariman a Jidda ƙarancin tsatsa, don can akwai gishirin teku. Sai dai dashbod da robar gilashi rana ta gama da su a nan.

Ɗan Kurmi: Motar nan fa ta girme ni. Daga yau Hajiya za mu riƙa ce mata, a gaishe ta da jiki.

Abu Nasir, Jidda: Za ta ji. Mu'allim, na duba. Shasi 123.220, amma bulok ya fara da 115.

Mu'allim Sale, Riyad: To an taɓa sauya mata inji. Gaskit, filogi, famfon ruwa da kayan kafireta ka bi lambar inji. Birki da ƙafafu ka bi shasi. Robar farfela kuma a auna faɗinta da tazarar ramuka, don ba a san giyar da aka haɗa mata ba.

Alhaji Garba, Makka: Abin da ke ɓata mini rai ke nan. Wasu warshoshin sai su sauya inji ko kafireta ba su rubuta komai ba, tsohon kayan kuma yaran shago su haɗa da ƙarafan da ake sayarwa a kilo. Kafireta ta asali da robar riyal kaɗan za ta gyara, sai a jefar a ɗaura ta wata mota da faranti a tsakani. Duk wanda zai kai mota gyara ya ajiye kwali a but, ya ce duk abin da aka cire a zuba masa a ciki.

Abu Maryam, Jidda: Wallahi ko kusoshin asali ba sa dawowa da su. Sai ka ga kan 13 da kan 14 a murfi ɗaya.

Abu Nasir, Jidda: Yanzu in ci gaba da wannan 115 ɗin, ko in nemi 102 a tashlih tun kafin in sayi gaskit?

Mu'allim Sale, Riyad: A auna kwamfureshan na silinda huɗun tukuna, injin da zafi, filogi duka a cire, totur a buɗe. Kawo mana lambobin.