Neman shawara: in sayi motar lantarki ko in ci gaba da haƙuri da ta mai?

Maman 'Yan Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba ni shawara. A Kano muke, ni malamar makaranta ce. Kullum sai na sauke yara uku a makaranta, na wuce aiki, na dawo na kwaso su, da la'asar kuma ga Islamiyya. Na auna, kilomita 40 nake yi a yini. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gidan mai ke cinye albashina, har akwai makon da na ajiye motar muka koma adaidaita. Yanzu na ɗauki adashe, in na haɗa da kuɗin motata zan iya sayen ta lantarki 'yar hannu. Maigida bai hana ba, ya dai ce in yi bincike. Gidan namu ne, muna da sola mai faranti takwas, wutar layi kuma yau akwai gobe babu. Duk ƙarshen wata ina zuwa Zariya gaida mahaifiyata. Babban tsorona kada caji ya ƙare min a hanya ina ɗauke da yara.

Injiniya Mai Sola

Wa alaikumussalam Hajiya. Kafin ki je kallon mota, ki fara duba wutar gidanki, don a nan maganar take. Matsakaiciyar motar lantarki tana shan yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. Kenan zirga-zirgarki ta yini yunit 7 ce ko 8, in an haɗa da ɗan abin da ke salwanta wajen caji. Wayar cajin da ake sakawa a soket ɗin gida tana jan kilowat biyu da ɗoriya, don haka awa uku da rabi zuwa huɗu ta mayar miki da abin da kika ƙona. Ko da kuɗin Band A, wato rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, aka lissafa, wanda tun Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit, bai kai naira dubu biyu ba. Motar mai kuwa lita huɗu za ta sha a wannan tafiyar. Ki buga da kuɗin litar yau ki gani.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne sola. Faranti takwas ɗin nan gida aka yi wa lissafinsu: firiji, fanka, fitilu. Mota sai kin ƙara uku ko huɗu masu wat 550, kuma lokacin da rana ta fi ƙarfi ke kina makaranta da motar. In kika dawo kika jona ta da dare a batirin gida, kafin ƙarfe ɗaya ta shanye shi, yara su kwana cikin zafi. Ki samu mai aikin wuta ya ja mata layinta daban da waya mai kauri, ya kafa ƙarfen ƙasa mai kyau, don caja da yawa ba sa tashi in babu shi. Kada a yi amfani da wayar ƙari irin ta kasuwa, narkewa take yi.

Baban Yara

Hajiya, ni bakanike ne, shekarata ashirin da wani abu a gareji. Gaskiya motar lantarki ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba wahalar giya. Amma ran motar batiri ne, kuma shi ne mafi tsada a jikinta. Kada ki yarda da fenti mai sheƙi. A jona na'ura a gabanki a karanta lafiyar batirin, in ta yi ƙasa da kashi 80 cikin 100 ki bar ta. Ki tambaya ko ruwa ne ke sanyaya batirin. Tsofaffin Nissan Leaf ba su da wannan, an san zafi yana saurin rage musu ƙarfi, kuma kin san yadda Kano take a watan Afrilu. Sannan ki duba bakin cajin: na China daban, na Turai daban, na Japan daban. Ki kuma leƙa kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ki tambayi fitila da gilashin irin motar da kike so kafin ki biya.

Hajiya Babba

Ƙanwata, ni shekara ɗaya da rabi ina hawa, a Abuja nake. Ban yi nadama ba. Amma ban sayar da motar mai ta gidan ba, kuma ke ma ina roƙonki in maigida yana da tasa, ita za ki riƙa ɗauka zuwa Zariya. Kano zuwa Zariya wajen kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300. Batiri mai yunit 40, ga gudun babbar hanya ga na'urar sanyi a kunne, ba zai kai ki ya dawo da ke ba. In kuma a gidan Hajiya za ki yi caji a soket, sai ya samu wajen awa 12 wuta ba ta ɗauke ba.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya min: motar ba ta da ƙara. Wata safiya ina ja da baya a tsakar gida, autana yana tsugune bayan taya yana ɗaure takalmi, bai ji komai ba. Mai aikina ce ta kwatsa ihu na taka burki. Hannuna ya fi minti goma yana rawa a kan sitiyari. Tun ranar ba na motsa ta sai na ƙirga yara da idona.

Ɗan Maiduguri

Mu nan mun saba ganin masu lantarki suna haya a cikin gari, kuma suna aiki lafiya, saboda kullum wuri ɗaya suke komawa caji. Ke ma zirga-zirgarki irin wannan ce. Ki dai riƙa wanke farantan sola lokacin hunturu, ƙura tana rage musu ƙarfi sosai.

Maman 'Yan Biyu

Allah Ya saka da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Aunty Hajiya, labarin autanki ya tsaya min a rai, 'yan biyuna shekararsu huɗu, ba sa zama wuri ɗaya. Maigida ya yarda mu riƙa musayar mota ranar zuwa Zariya. Na kuma ɗauko littafi, daga yau zan riƙa rubuta awa nawa wuta ta zauna a kowane dare har wata guda, kafin in taɓa kuɗin adashen. Injiniya, ƙarfe biyu da rabi nake isowa gida, ban sake fita sai huɗu, Asabar da Lahadi kuma motar a ajiye take yini guda. In na ƙara faranti huɗu, hakan zai riƙe ni ko sai na canja inbata ma? Tamu mai kilowat biyar ce.