Ramin takina ya koma taɓo, ina gyaran yake?

Tambaya daga Wad Madani, ƙasar Sudan

Assalamu alaikum. Tun watan Maris na haƙa rami mai zurfin mita 1 a bayan madafa, ina zuba ɓawon albasa da na ayaba, da ganyen shayi, da tukar gahawa, domin in samu takin da zan sa wa kuɓewa da lalo. Da bazara komai ya bushe ƙayau bai ruɓe ba, amma da ruwan Agusta ya sauka sai ramin ya cika ya zama taɓo mai ɗoyi, har maƙwabciyata ta yi mini magana, kuma na ji kunya ƙwarai. In binne shi in haƙura ne, ko akwai gyara?

Amsa daga Maiurno

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki binne wahalarki. Ƙasarmu ta Jazira da Sinnar baƙar laka ce wadda ba ta tsotse ruwa da wuri, saboda haka ramin da yake da amfani da rani yakan zama kududdufi da damina, ƙananan halittun da ke ruɓar da shara kuwa iska suke bukata, idan suka rasa ta sai wari ya tashi. Ki kwashe abin da ke ciki, ki shimfiɗa karan dawa a kan tudu a ƙarƙashin inuwa, sannan ki jera shi hawa-hawa, kina raba kowane hawa da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa. Busasshe ya ninka ɗanye sau biyu. Ki riƙa juyawa duk mako, ki rufe da tsohon buhu. Ma'aunin danshi a hannunki yake: idan kin damƙa kin matse ya dunƙule, ruwa bai zuba ba, to ya yi daidai.

Amsa daga Gadarif

Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni dai zan ƙara da cewa ki nemi kashin awaki ko na kaji ki barbaɗa, domin shi ne yake sa tsibin ya ɗauki zafi har ya kashe irin ciyawa. Amma Hajiya, ki yi hankali da toka. Iyayenmu sun saba juye ta a juji, sai dai ƙasar nan tana da kanwa-kanwa tun asali, toka mai yawa ƙara mata take yi. Nama, ƙashin kifi da sauran miya mai maiƙo kada su shiga, ɓeraye da ƙudaje suke kira.

Mai tambaya

Allah ya saka muku da alheri. Yaushe zan san ya nuna?

Amsa daga Maiurno

A zafin nan namu, wata 2 zuwa 3 ya isa idan ba ki bar shi ya bushe ba. Zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, kuma ba za ki iya gane ɓawon da kika zuba ba. Idan damina ta ɗauke a Oktoba, kina iya komawa raminki.