Musayar Waƙa: Baƙo da Harshen Biyetnam

Baƙon Hanoi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wata bakwai ke nan ina Hanoi, babban birnin Biyetnam, ina koyon harshen mutanen nan da karin sautinsa. Ga abin da ke raina:

Na zo Hanoi da ɗokin koyowa,
Kari shida ke ta jujjuyawa,
"Ma" a miƙe sunan fatalwa,
Ɗaga shi, kunci ne na shafawa,
Danne shi, shinkafar dasawa.

Na-Saigon:
Ƙanena kai ka zaɓi wahala,
Nan Kudu kari biyar ne jimla,
"Ma" da ka ɗaga uwa ce, kula,
Zo masallacin Dong Du mu yi salla,
Ka ci naman halal ka walwala.

Baƙon Hanoi:
Yaya, da biyar kake alfahari?
Biyu kuka cakuɗe cikin kari,
Mu ma Al-Noor na tsakiyar gari,
Shekara uku kana Kudu, bari,
Cinikinka har yau nuni da yatsa ne.

'Yar Gobir:
Allah ya ja zamanin Baƙo! Wannan ita ce waƙa. Na-Saigon, a sha ruwa.

Malam Mai Ma'auni:
Hajiya, ki yi adalci. Ɗangon ƙarshe ya saki amsa-amon "ri", ga shi ya ɗara 'yan uwansa tsawo. Na-Saigon bai saki nasa ba ko sau ɗaya.

'Yar Gobir:
Malam, kullum awo kake, ba mu taɓa ganin baitinka ba.

Baƙon Hanoi:
Na karɓi gyara, Malam. To ga wani a ma'aunin masu gari, luc bat: gaɓa 6 sannan 8, amsa-amon kuma yana faɗawa kan gaɓa ta shida ta dogon ɗango.

Babura sun cika,
Tsallakawa sai ka daure,
Tafi sannu, jure,
Gudu ba ya tsare kowa.

Malam Mai Ma'auni:
Mu nauyin gaɓa muke aunawa, mai nauyi da maras nauyi, ba ƙirga kawai ba. Amsa-amo a tsakiyar ɗango ba namu ba ne.

Na-Saigon:
A nan ina bayan ƙanena. Ƙirgarsa daidai take, na bi ta da yatsa.

Malam Mai Ma'auni:
Ƙirga daban, daɗin rerawa daban. Ku rera ta ku ji.

Gwaggon Zaure:
Yau na shigo, na tarar kuna ta awo kun bar yaro. Ɗana, amsa mini:

Ɗana, ka bar su da musun awo,
Wa ke kula ka in ka yi ciwo?
Me kake ci, yaushe za ka dawo?

Baƙon Hanoi:
Gwaggo, kin taɓa inda ke min ƙaiƙayi.

Mai kantin layinmu, dattijuwa,
Shekaruna ta soma tambayawa,
Don nan ba a kiran mutum da gaggawa,
"Anh" ko "em", yaya da ƙane ke rabawa,
Kamar gida, na ji ƙwalla na zubowa.

Naman alade shi nake gujewa,
Kifi da shinkafa nake dafawa,
Ran Tet, sabuwar shekara, gari ya watse, sai kewa,
Ta aiko lemu da 'yarta, Gwaggo,
Sai na gama zango nake dawowa.

Malam Mai Ma'auni:
Ɗango na huɗu ya sake fita.

'Yar Gobir:
Malam, don Allah!