Idan ƙungiya ta shiga ha'ula'i, laifin koci ne ko na 'yan wasa?

Lamba Takwas:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu kallon ƙwallo da idon basira ce. Tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013, Manchester United ta ɗauki Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, sannan Amorim, ban da masu riƙon ƙwarya irin su Rangnick. Kowa da salonsa, amma kofin Firimiya bai dawo ba, har ta kai ƙungiyar ta ƙare a mataki na 15 a kakar 2024/25. Wasu na cewa tunda an yi ta sauya koci ba a ga canji ba, laifin 'yan wasa ne. To ai su ma 'yan wasan an sauya su kusan kaf. Ba United kaɗai nake nufi ba, kowace ƙungiya ce. Waɗanne alamomi mai kallo zai duba ya gane daga inda ɓarakar take? Don Allah a ba mu abin da za a iya gani a fili.

Mai Allon Dabara:

Wa alaikumus salam. Gwaji mafi sauƙi shi ne a lura ko kuskuren yana bin mutum ne ko yana bin gurbi. Idan ɗan baya na hagu ana wuce shi kowane mako, aka cire shi aka sa wani, shi ma aka ci gaba da shigowa ta wannan gefen, to ba su ne matsalar ba. Tsarin ne ya bar su ba mai rufa musu baya, kuma tsari aikin koci ne. Amma idan an mayar da ɗan wasa dama ya tafka irin kuskuren da ya tafka a hagu, nasa ne.

Sai a daina bin ƙwallo da ido na minti goma, a kalli waɗanda ba ta ƙafarsu. Lokacin da abokan hamayya ke riƙe da ita, tazarar da ke tsakanin ɗan gaba da 'yan baya bai kamata ta wuce kamar mita 30 zuwa 35 ba. Idan 'yan gaba sun ruga matsa wa gola lamba, 'yan baya kuma sun ja da baya don tsoron a jefa musu doguwa, sai tsakiya ta zama fili fetal, a bar mutum biyu suna tsaron wurin da mutum huɗu ya kamata su tsare. Daga nan sai ka ji ana cewa ɗan tsakiya ya tsufa. Wataƙila ya tsufa ɗin, amma ko ɗan shekara 22 aka ajiye a wannan filin sai ya galabaita. Wannan yana nuna ba a yi atisayen lokacin matsa lamba tare ba, wato alamar da kowa zai gani ya taso, kamar idan an mayar da ƙwallo baya ko an ba ɗan gefe ita yana fuskantar ragarsu.

Bugun kwana da bugun tazara su ma ma'auni ne mai kyau, domin su ne ɓangaren wasan da ake iya tsarawa tsaf tun kafin a shiga fili. Ƙungiyar da ake ci ta kusurwa ɗaya wata uku a jere, masu horar da ita ba su yi aikinsu ba. Haka canji. Yanzu mutum biyar ake iya sauyawa, kusan rabin 'yan wasan fili ke nan. Kocin da ƙungiyarsa ke dawowa daga hutun rabin lokaci da matsalar da ta tafi da ita, ba shi da uzuri.

Chelsea ta 2016 ce misalin da ya fi fito da ikon koci. Arsenal ta lallasa ta 3-0 a watan Satumba, kocinta Conte ya koma tsarin 'yan baya uku, ya matso da Azpilicueta cikin ukun, ya sa Victor Moses da Marcos Alonso suna hawa da sauka a gefe, aka sauke wa Hazard nauyin komawa baya. Suka ci wasa 13 a jere a gasar, suka ɗauki kofi da maki 93. 'Yan wasan da aka ci 3-0 ɗin nan ne dai.

Mai Lissafi:

Malam Mai Allo ya kawo abin da ido ke gani. Ni zan ƙara da abin da ido ke ruɗuwa a kai, domin kafin a nemi mai laifi ya kamata a tabbatar akwai laifin.

Ƙwallo wasa ne da ake zura ƙwallaye kaɗan, saboda haka sa'a tana da babban rabo a sakamakon wasa shida ko takwas. Shi ya sa ƙungiyoyi ke amfani da ma'aunin darajar damarmaki, wanda ake kira xG. Kowane hari ana ba shi daraja gwargwadon nisa, kusurwa, da yadda ƙwallon ta zo. Fenareti, alal misali, darajarta kusan kashi 76 zuwa 79 cikin ɗari ce. Idan ƙungiya tana samar da damarmaki fiye da abokan karawarta kowane mako amma tana shan kashi, aikin koci yana tafiya, ƙafar 'yan gaba ce ta yi sanyi ko golan wancan ɓangaren ya tashi da sa'a. Idan kuwa ba ta ko isa bakin raga, to a koma ga bayanin Malam Mai Allo.

Dortmund ta Klopp a kakar 2014/15 tana ƙasan teburin Bundesliga, gasar Jamus, a farkon watan Fabrairu, ta ƙare ta bakwai. Masu nazarin alƙaluma sun ga wasanta bai lalace yadda teburi ya nuna ba, kuma Liverpool ta ɗauke shi a Oktoban 2015. Da an yi hukunci da teburi kawai, da an ce zamaninsa ya wuce.

Mataki na biyu, a gwada matsayin ƙungiya a teburi da matsayinta a jerin masu biyan albashi. A tsawon shekaru, waɗannan biyun suna tafiya kusa da juna ƙwarai, domin albashi shi ne farashin da kasuwa ta sa wa ingancin 'yan wasa. Ƙungiyar da ita ce ta 14 a albashi ta ƙare ta 13, kocinta bai gaza ba, ko da magoya baya sun yi ƙorafi. Wadda take cikin uku na sama a albashi ta ƙare ta takwas, akwai magana.

Na uku, jinya. Liverpool ta 2020/21 ta rasa ɗan bayanta Van Dijk tun Oktoba, sannan Gomez da Matip, aka koma sa 'yan tsakiya Fabinho da Henderson a baya, tsakiya ita ma ta rushe. Ta yi rashin nasara shida a jere a gidanta Anfield. Koci ɗaya ne da wanda ya ɗauki kofi watanni kaɗan kafin nan.

Kuma a yi hattara da farfaɗowar da ake gani bayan an kori koci. Ana korarsa ne a lokacin da sakamako ya kai maƙurar muni, daga nan kuwa sau da yawa dama gyaruwa zai yi. Leicester ta sallami Ranieri a Fabrairun 2017, Craig Shakespeare ya ci wasa biyar na farko a gasar, aka ba shi aikin dindindin, a watan Oktoba shi ma aka sallame shi. Babban abin da ya sauya a ƙungiyar tun farko shi ne tafiyar ɗan tsakiyarta Kante zuwa Chelsea, kuma babu kocin da zai iya cike wannan gurbin da magana.

Lamba Shida:

Ban yarda a wanke 'yan wasa haka ba, 'yan'uwa. Misalin Conte ɗin nan yana da ɗaya fuskar. Wannan Chelsea ɗin ce ta ɗauki kofi a Mayun 2015, a Disamba tana ta 16 aka kori Mourinho. Hazard da ya zama gwarzon gasar bai zura ƙwallo a Firimiya ba sai a Afrilun 2016. Dabarar Mourinho ba ta ruɓe cikin wata bakwai ba. Dangantaka ta yi tsami, haka ne, kuma yana da nasa kason, amma ƙwararren da ake biya ba ya rage ƙwazo don ba ya shiri da ubangidansa.

Akwai abubuwan da ba koci ke yi wa mutum ba. A kalli daƙiƙa biyar na farko bayan an ƙwace ƙwallo: wa ya juya da gudu, wa ya tsaya yana ɗaga hannu? A kalli wanda ke bin ɗan tsakiyar da ya kutso cikin da'ira daga baya. A kalli ƙwallon da ta faɗo tsakanin mutum biyu, wa ya fara kai ƙafa. A kuma gwada wasan da suka yi da manyan ƙungiyoyi da wanda suka yi da ƙanana. Idan sun iya tsayuwar daka a gaban ta ɗaya a teburi, bayan kwana huɗu suka watse a gaban ta 18, tsarin yana aiki ke nan, zuciya ce ba ta zuwa kullum. Masu horarwa suna da wannan a rubuce, domin rigar da 'yan wasa ke sawa a atisaye tana ɗauke da na'urar da ke auna nisan gudu da yawan gudun tsiya. Ba a ɓoye lalaci yanzu.

Abin da ke ɓata ɗakin 'yan wasa shi ne su gane cewa kowace rigima koci ne zai tafi. Mai kwantiragin shekara biyar ya san zai ga bayan koci biyu ko uku, to me zai sa ya takura kansa?

Mai Duba Littafi:

Tambayar ƙarshe ta Malam Lamba Shida ita ce ta kai mu inda amsar Malam Lamba Takwas take. Wa ya ba shi kwantiragin shekara biyar ɗin? Wa ya ɗauko kocin? Idan matsala ta wuce koci uku da rukunin 'yan wasa biyu tana nan, a ɗaga kai a dubi mahukunta.

Ga yadda abin ke faruwa. Ƙungiya ba ta da salon da ta tsayar wa kanta, sai ta bar kowane koci ya sayi nasa. Van Gaal mai son riƙe ƙwallo ne, Mourinho mai tsare gida da kai farmakin ba-zata, Ten Hag ya kwaso waɗanda ya sani irin su Antony da Lisandro Martinez daga Ajax, Amorim ya zo a Nuwamban 2024 da tsarin 'yan baya uku ya tarar da 'yan wasan da aka tara don tsarin 'yan baya huɗu. Kowane sabon koci yana gadon ragowar mutanen da aka saya don wasan da ba nasa ba.

Kuma fitar da su ba sauƙi. Kuɗin sayen ɗan wasa ana raba shi ne a kan shekarun kwantiraginsa a littafin ƙungiya. A ce an saye shi fam miliyan 80 na shekara biyar, miliyan 16 ke nan duk shekara. Bayan shekara biyu saura miliyan 48. Idan kasuwa ta taya shi miliyan 30, sayar da shi asarar miliyan 18 ce a rubuce, alhali a kakar 2023/24 dokar Firimiya ta taƙaita asara ga fam miliyan 105 cikin shekara uku, dokar da ta sa aka zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a wannan kakar. Ga albashinsa da babu mai iya biya. Sai a ba da shi aro ana biyan wani kaso, ko ya zauna a benci, kuɗin da za a cike gurbin da ake buƙata ya maƙale a jikinsa.

A gwada da Brighton. Kocinsu Potter ya tafi Chelsea a Satumban 2022, suka kawo De Zerbi wanda salonsa ya dace da 'yan wasan da ke ƙasa, suka ƙare na shida, suka shiga gasar Turai karon farko a tarihinsu. Can ƙungiya ce ke zaɓen 'yan wasa, koci ya zo ya same su.

Lamba Takwas:

Na gode ƙwarai, malamai. To yaushe ne korar koci ke zama daidai? Don Aston Villa ta sallami Gerrard a Oktoban 2022 tana dab da 'yan ƙasan teburi, Emery ya kai ta ta bakwai, kaka ta gaba ta huɗu.

Mai Allon Dabara:

Villa ta cika sharuɗɗan ne, ɗan'uwa. Ingancin 'yan wasanta ya fi matsayinta a teburi, damarmakin da take samarwa sun yi ƙaranci, ba kuma jinya ce ta jawo ba, sannan akwai wanda ya fi shi a hannu kafin a yanke hukunci. Emery ya zo da abin da ake iya nunawa da yatsa: 'yan baya suna matsowa sama a layi ɗaya suna kama abokan hamayya da satar gida, ana faro wasa daga gola da haƙuri, Watkins ya rage yawo a gefe ya tsaya kusa da raga. Irin haka Tuchel ya yi a Chelsea, ya karɓa daga Lampard a Janairun 2021, ya gyara tsaron baya, a Mayu ya ɗauki kofin Zakarun Turai.

Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya ɓace, kora ba ta cika yin magani ba. Watford ta sallami koci uku a kakar 2019/20, Gracia da Sanchez Flores da Pearson, kuma ta faɗi daga gasar. Ko Newcastle da ake yawan kawowa, Howe ya karɓe ta a Nuwamban 2021 ba ta ci wasa ko ɗaya ba, amma sai da Trippier da Bruno Guimaraes da Dan Burn suka iso a Janairu sannan ta miƙe sosai ta ƙare ta 11. Lokacin kora ma yana da muhimmanci: a yi ta gab da hutun wasannin ƙasashe ko kafin a buɗe kasuwar Janairu, don sabon kocin ya samu kwanakin atisaye kuma a saya masa abin da tsarinsa ke buƙata.