Ranar da Vicente Fernández ya rasu: wa ke tare da 'yan Meksiko?

Direban Tirela, Houston: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga 'yan uwa mazauna Amurka masu cuɗanya da 'yan Meksiko ce. Ranar Lahadi 12 ga Disamba 2021 na tsaya shan mai a hanyar San Antonio, na tarar da direbobi uku sun kewaye mota guda, rediyo na ta ƙara. Dattijon cikinsu ya cire malafarsa yana share hawaye. Na zaci hatsari aka yi. Da na tambaya sai ya ce mini "Chente ya tafi", ya juya. Daga baya na gane Vicente Fernández yake nufi, mawaƙin da aka haifa a 1940 a Huentitán, gefen Guadalajara. Rabona da ganin ƙarti na yi wa mawaƙi irin wannan kuka tun rasuwar Shata a 1999. Akwai wanda ya ga makamancin haka?

Uwar Biyu, Chicago: Wa alaikumus salam Yaya. Ni a cikin gida abin ya same ni. Ina jinyar wata tsohuwa 'yar jihar Jalisco, jiharsu mawaƙin, tsufa ya fara ruɗa ta har sunayen jikokinta kan ɓace mata. Amma a saka waƙar mutumin nan, baiti ɗaya ba ta tsallakewa. Tun watan Agusta da aka ce ya faɗi a gidan gonarsa an kwantar da shi asibiti, kullum sai ta kunna masa kyandir. Rasuwar kuma ta zo daidai da ranar bikin Guadalupe, babbar rana a addininsu, gidan cike da baƙi. 'Yarta ta ce a ɓoye mata, ina! Talabijin ta riga kowa. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini mataji ta ce in gyara mata gashi, ina tajewa tana rera waƙa a hankali, tana ba ni labarin yadda marigayi mijinta ke kai ta silima kallon finafinansa, gashin baki, doki, ga faffaɗar malafa. Wallahi ni ce na ƙare da hawaye, don kakata ta faɗo mini a rai.

Ɗan Damagaram, Los Angeles: Tasi nake ja. Da yammar nan na kai mutane Hollywood, wurin tauraronsa da ke kan daɓen titi. Furanni, kyandirori, makaɗan mariyaci (kiɗan gargajiyar Meksiko) cikin kayansu masu ado. Wani magini da na ɗauko ya ce abin da ya sa suke ƙaunarsa shi ne ya san wahalarsu: ya yi wanke-wanke, ya yi leburanci a Tijuana, kamfanonin faifai sun sha korar sa, sai bayan rasuwar fitaccen mawaƙi Javier Solís a 1966 aka waiwaye shi.

Malamar Sifaniyanci, Dallas: Gaskiya ya faɗa, Malam. Waƙar da kuka ji ana ta maimaitawa ranar ita ce "Volver, volver" ta 1972, ma'anar kalmar komawa. Waƙar soyayya ce, amma baƙon da ya yi shekara ashirin bai ga mahaifiyarsa ba, gida yake ji a cikinta. Na taɓa kallon wasansa ido da ido kafin ya yi ban kwana da dandali a filin wasa na Azteca da ke birnin Meksiko a 2016. Yakan sauke makirfo ƙasa ya ci gaba da waƙa, muryar na kaiwa har kujerun baya. Alkawarinsa kuwa, muddin ana tafi ba zai daina ba. Mun haura awa uku. Washegarin rasuwar ɗalibaina suka roƙi a ajiye darasi, kowa ya kawo waƙar da mahaifinsa ke so.

Direban Tirela, Houston: Na gode ƙwarai Malama. Ashe shi ya sa da zan tashi dattijon nan ya leƙo tagata ya tambaye ni yaushe rabona da gida. Na ce shekara tara. Ya dafa kafaɗata ya ce shi sha bakwai.