Keɓe abokin wasa daga kujerun farko a foka: gwaninta ce ko sa'a?

Ɗan Tasha: Jama'a, raina a ɓace yake. Muna Texas Hold'em, wato wasan kartar foka da ake ba kowa karta biyu a hannu, mu tara, ina kujera ta biyu bayan mai babban zubin dole, wato kuɗin da ake zubawa tilas kafin a raba karta. Na gabana ya biya zubin kawai bai ƙara ba, ni kuma da sarauniya biyu a hannu na ninka zubin sau huɗu domin in keɓe shi mu rage mu biyu. Sai mutum uku na bayana suka biyo, wani mai takwas da tara ya cinye ni. Dabarar keɓewa daga kujerun farko ba ta aiki, wasan nan sa'a ce kawai.

Mai Shago: Ƙanena, ka janye kalmar sa'a. As biyu, wato kartar da ta fi kowace girma, suna cin abokin wasa guda kusan kashi 85 cikin ɗari, amma idan mutum huɗu suka shigo sai su sauko wajen kashi 56, kuma dalilin keɓewa ke nan tun asali. Wanda ya san wannan lissafi yana wasa da ilimi.

Baba Tela: Malam, lissafinka bai kore sa'a ba. Doyle Brunson ya ci babbar gasar Las Vegas a 1976 da 1977, duka biyun da goma da biyu a hannunsa na ƙarshe. Wane ilimi ne ya ba shi wannan?

Mai Shago: Baba, da girmanka, hannun ƙarshe kaɗai ka gani, ba ka ga kwanakin da ya yi yana zubar da karta marar amfani ba.

Baba Tela: To Chris Moneymaker fa, akawun da ya shigo wannan gasa ta hanyar gasar intanet ya tafi da dala miliyan 2.5 a 2003?

Auta: Yaya Mai Shago kullum yana kare masu lissafi ne saboda makon jiya shi ya cinye mu, kuma har yau bai amsa maganar rabon kartar da na yi masa ba.

Mai Shago: Auta, kai ka yanka kartar da hannunka, kowa ya gani.

Ɗan Tasha: Ni dai tambayata ita ce ko ninki huɗu ya yi kaɗan ne, tunda mutum bakwai ke bayana kuma yawancinsu bayana za su riƙa magana har ƙarshen hannun. Babu wanda ya taɓa ta.

Shugaban zaure: Na bi maganganun duka, kuma a ganina Malam Mai Shago ne ya zo da hujja, domin shi kaɗai ya kawo alƙaluma. Misalan Baba labarai ne guda biyu cikin dubban hannuwa. Ƙorafin Auta kuwa a kai shi wani zauren. Ɗan Tasha, a teburin da kowa ke biyowa ka ninka sau shida, kuma ka taƙaita keɓewa ga manyan kartoci irin wanda ka riƙe.